Fayil ɗinka lafiya lau yake, kada ka yi fomatin

Ina da shagon buga takardu a nan Sakkwato, kuma duk lokacin da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo suka shiga haɗa furojet, sai ka ga yaro ya shigo da laftof a hammata: "Malam, wanga abu ya ƙi buɗewa yadda ya saba, ko bairos ne?" Wasu ma an riga an ce musu sai an yi fomatin, wato a goge komai na kwamfutar a sake zuba mata Windows. Galibi babu abin da ya sami fayil ɗin.

Windows ba ta leƙa cikin fayil don ta san mene ne. Haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunansa take dubawa, irin su .pdf, .docx da .mp4, kowanne kuma an ɗaura shi a kan manhaja guda. Sai mutum ya sauke wata manhajar ofis ta kyauta, yana ta danna Next ba karatu, ita kuwa ta mai da kanta mai buɗe takardun Word duka. Washegari ya buɗe babi na uku, rubutu ya goce, jadawali ya tsallaka wani shafi, hankali ya tashi.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Ka danna fayil ɗin da maɓallin dama na maus, ka shiga Open with, sannan Choose another app, ka zaɓi manhajar da kake so. Nan ne ake tuntuɓe: in ba ka zaɓi Always ba, gobe ma 'yar gidan jiya ce.

Gyaran burauza kuwa, wato manhajar buɗe shafukan intanet, yana cikin Settings, Apps, Default apps. Da Windows 11 ta fito a 2021, sai ka bi nau'o'in shafukan intanet, .htm da .html da HTTP, ɗaya bayan ɗaya kana zaɓa musu burauza, har a 2022 aka sa maɓallin Set default.

Ni dai PDF na bar wa Edge, burauzar da ke zuwa da Windows, ya ishe ni buga silif ɗin JAMB. Bidiyo kuma VLC, kyauta ce, ba talla, tana buɗe .mkv ba gardama.

Wani ɗalibi da na nuna wa yadda ake bayyana haruffan nan na ƙarshen sunan fayil ta View, sai ya goge .mkv ya rubuta .mp4, wai ya canza bidiyon. Suna kawai ya canza, abin da ke ciki yana nan yadda yake.