Vivien Leigh: kyamara ta so ta, dandamali ya wahalar da ita

An haifi Vivien Leigh, 'yar wasan kwaikwayo ta Birtaniya, da sunan Vivian Mary Hartley a Darjeeling ta Indiya ranar 5 ga Nuwamba, 1913. Sunan Leigh na mijinta na farko ne, lauya Herbert Leigh Holman, wanda ta aura a 1932.

Matsalar da ta bi ta duk tsawon sana'arta ita ce murya. Siririya ce, ba ta kai wa nesa. A 1935 ta yi suna dare ɗaya da wasan The Mask of Virtue a wani ƙaramin gidan wasa na Landan. Da aka mayar da wasan babban zaure, na kujerun baya suka daina jin ta sosai, ba a jima ba aka rufe. Daga nan ta duƙufa koyon sarrafa numfashi da saukar da murya ƙasa.

Gaban kyamara kuwa wannan rauni bai dame ta ba, domin makirufo na kusa, fuska da ido ke yin aikin. Shi ya sa rawar Scarlett O'Hara ta fim ɗin Gone with the Wind (1939) ta zauna mata daram, duk da sai da ta koyi karin harshen kudancin Amurka. Da furodusan fim ɗin David O. Selznick ya sallami darakta George Cukor ya kawo Victor Fleming, a ɓoye take zuwa gidan Cukor neman shawara. Ta ɗauki Oscar, babbar lambar yabon fina-finai ta Amurka.

A ganina, rawar Blanche DuBois ta wasan A Streetcar Named Desire ce ƙololuwar aikinta. Ta taka rawar sau 326 a dandamalin Landan tun daga 1949, mijinta na biyu Laurence Olivier ne darakta, sannan ta maimaita ta a fim ɗin A Streetcar Named Desire (1951) tare da Marlon Brando. Oscar na biyu ke nan. Amma mace mai fama da ciwon sauyawar yanayin rai, yau zumuɗi gobe baƙin ciki, ta yi wata da watanni tana kwaikwayon wadda hankalinta ke gushewa, abin ba wasa ba ne. A 1953 ciwon ya tashi tana ɗaukar fim ɗin Elephant Walk a Silon, Siri Lanka ta yau, aka sa Elizabeth Taylor a madadinta.

Tarin fuka da ya kama ta a tsakiyar shekarun 1940 ya dawo, ya yi ajalinta a gidanta na Landan a Yulin 1967, tana da shekara 53.