Mitar motata ta mutu a Hawan Kibo, ashe ba mitar ba ce

Cikin watan Agusta muna dawowa Jos daga Abuja, ni da maman yara da yaran biyu a baya, mun baro Akwanga bayan magariba ana ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, mun wuce Forest mun fara hawa Hawan Kibo kenan sai kawai na ga allurorin mita sun zube ƙasa gaba ɗaya, ta gudu da ta mai da ta zafin inji, fitilar batir da ta ABS, wato ta birki, suka kama ƙyaftawa, can kuma sai komai ya dawo amma allurar zafi ta haura har kusa da ja. Duk wanda ya san wurin nan ya san ba wurin tsayawa ba ne da dare, ga manyan motoci suna gangarowa ga kwana a kan kwana. Inji kuwa lafiya lau yake ja, ko tari bai yi ba. Wallahi ban taɓa jin tsoro a mota irin na ranar ba, don ban san ko da gaske injin ne ya ɗau zafi ko mita ce ke min ƙarya ba, kuma in da gaske ne kafin mu kai sama gasket ya ƙone. Haka na lallaɓa muna ta salati har Riyom, na tsaya inda akwai haske na buɗe bonet, babu tururi babu warin ƙuna, fanka na juyawa yadda ta saba. Muka ƙaraso Jos wajen goma da rabi.

Motar Camry ce ta 2003, wadda ake cewa Big Daddy, 'yar Amurka ce da ta shigo ta Kwatano shi ya sa lissafinta na mil ne ba kilomita ba. Ta marigayi Babanmu ce, shi ma hannu na biyu ya saye ta a nan gida, don haka masu ce min in sayar in huta ba su san abin da suke faɗa ba.

Washegari na kai wa wani rewaya a unguwarmu, ko tambayata yadda abin ya faru bai yi ba, ya buga saman dashbod da tafin hannu sau biyu ya ce Oga mita ta tafi, sai dai a sa wata. Na shiga Dilimi inda ake sayar da kayan mota na samo mita Beljiyam mai kyau aka ɗaura. Kwana uku lafiya, ran na huɗu da dare ina kan titin Bauchi na kunna fitila da waifa sai ga abin ya dawo sak yadda yake. Ga kuɗi sun tafi, ga lissafin tafiyar motar ya canza tunda a irin waɗannan motocin cikin mitar ake ajiye shi, yanzu ina yawo da mil ɗin motar wani. Na biyu da na je wurinsa cewa ya yi birenbos ce, wato ƙwaƙwalwar motar, kuma a gabana ya cire kan batir inji na aiki wai yana gwada altaneta, na'urar da ke cajin batir. Dan Allah in kun ga ana shirin yi wa motarku haka ku hana. Wannan gwajin na zamanin Pijo 504 ne da babu kwamfuta a cikinta. Batir shi ke shanye wutar da ta yi yawa, in ka cire shi inji na juyawa wutar altaneta na iya tsalle ta wuce abin da kayan lantarkin motar za su ɗauka, kuma birenbos ɗin da ake zargi ita ce farkon wadda za ta iya ƙonewa. Allah Ya taimake ni tawa ba ta ƙone ba. Ban saya ba, na ɗauke motata.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijo a Farin Gada, rumfarsa ƙarama ce, tebur ɗaya da akwatin kaya da mitar awon wuta irin mai wayoyi biyu ja da baƙa. Kafin ya taɓa komai sai da ya zaunar da ni a benci.

Ya ce "Malam, yaushe take yi? Da rana ko da dare?"

Na ce Baba gaskiya ta fi yi da dare.

"In ana ruwa fa? In ka kunna esi? In ka taka birki ko ka faɗa rami?"

Nan na fara tunowa, ashe duk lokutan da ta yi akwai fitila a kunne, akwai waifa ko fankar esi, kuma tun da damina ta kankama abin ya fara, da rani ban taɓa gani ba. Ya gyaɗa kai ya ce to ai ka riga ka faɗi rabin ciwon, in abubuwa da yawa da ba su da alaƙa suka lalace a lokaci ɗaya ba su ne suka lalace ba, abin da suke tarayya a kai ne, ko hanyar da wuta ke zuwa musu ko hanyar da take komawa.

Daga batir ya fara. Mota a kashe ya nuna bolt 12.5, ya ce lafiyayyen batir cikakke 12.6 yake nunawa, in ka ga ya sauko kusa da 12 to ya yi ƙasa sosai. Aka tayar, ya hau 14.1, shi ma daidai ne don altaneta mai lafiya tsakanin 13.5 da 14.7 take bayarwa. Ya juya mitarsa wajen awon wuta mai kai-komo ya sake aunawa, ya ce in diyod ɗin cikin altaneta ya mutu wuta takan fito da rawa-rawa kuma ita ma tana sa allurori hauka, amma tawa shiru. Sai ya yi abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba, ya ce in kunna babbar fitila da esi da waifa duka, ya ɗora waya ɗaya a kan negetib na batir ɗaya kuma a jikin ƙarfen bodi. Ni a tunanina ai duk abu ɗaya ne sifili za a gani. Sai ga 0.9. Ya ce wannan wurin bai kamata ya wuce 0.2 ba.

Yadda ya min bayani shi ne ya zauna min a kai. Ita wutar mota waya ɗaya ce ke kai ta wurin fitila ko mita ko hon, amma komawarta batir ta jikin ƙarfen motar take bi, bodin gaba ɗaya shi ne hanyar dawowa, sannan wata waya mai kauri ta ɗauko daga bodi zuwa negetib. Ya ce kamar kwata ce da damina, in shara ta toshe ta ruwan ba tsayawa zai yi ba, gidan maƙwabta zai shiga. To haka wutar babbar fitila da fanka, da ta tarar hanyarta ta cushe sai ta nemi ƙananan wayoyi ta bi, kuma mita abu ce mai aiki da 'yar ƙaramar wuta, kaɗan ya ishe ta ta rikice. Shi ya sa da rana ba fitila ba waifa take zama lafiya har ka ɗauka an gyara.

Da ya kwance wayar, daga waje ba ka ganin komai, amma da ya yanka robar sai ga jan ƙarfen ciki ya zama kore yana marmashewa kamar garin kuka, ruwan batir da danshi na shekara ashirin da wani abu sun cinye shi, notin da ya riƙe ta a bodi kuma duk tsatsa. Bai tsaya nan ba. Ya cire robar gefen ƙafar direba ya haska da tocila, akwai wani noti da wayoyi farare masu baƙin layi suka taru a kai, a Toyota wannan kalar ita ce ta komawa bodi, kuma ta mita na cikinsu. Notin da hannu ma yana juyawa. Wani can baya da ya sa wa motar sikyuriti ya kwance shi ya cusa tasa wayar bai ɗaure da kyau ba, sauran haɗin nasa kuma duk murɗawa ya yi da hannu ya naɗe da tef, tef ɗin ya saki. Kafet ɗin wurin a jiƙe, ganye da ƙasa sun toshe magudanar ruwan da ke ƙasan gilashin gaba ruwa yana bin ciki yana ɗiga daidai wurin. Nan na gane abin da ya haɗa ciwon da damina.

Gyaran kansa bai kai awa biyu ba. Sabuwar waya mai kauri, sanfefa ya goge bodi har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure ya shafa giris a sama, haɗin sikyuritin ya sake su da dalma, ya yashe magudanar. Ya sake aunawa da komai a kunne, 0.05.

Akwai abin da na lura, kafin ya sa hannu bayan dashbod sai da ya cire negetib ya zauna yana shan shayinsa, na ce Baba lafiya, ya ce jakar iska. Ko an cire batir akwai sauran wuta a na'urarta, Toyota da kansu sun ce a jira aƙalla daƙiƙa 90, kuma duk soket ɗin da ka gani rawaya a wurin nata ne, ba a sa masa fitilar gwaji ba a wasa da shi. Masu son taɓa motarsu da kansu ku riƙe wannan.

Tun kafin a cire batir kuwa sai da ya sa ɗansa ya ɗauko 'yar na'urar nan da ake cewa sa wa mota kwamfuta. Mutane na jin kamar wani babban abu ne, alhali duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 dole tana da wannan soket ɗin na OBD2 mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga 2001, kuma akwai ƙananan na'urori irin ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu. Ta nuna zafin ruwan inji digiri 89, daidai wa daida. Ta kuma fito da P0500, lambar da ke nufin saƙon gudun mota bai isa birenbos ba. Yaron ya ce sai a canza sensa mai auna gudu, Baba ya ce a'a, lamba unguwa take nuna maka ba gida ba. A wannan motar saƙon gudu ta cikin mita yake bi kafin ya kai birenbos, to in mita ta ɗauke ana iya rubuta wannan lambar, sensa ba ruwanta. Aka goge, har yau ba ta dawo ba.

Ni kuma sai na tsaya ina tunani, in har akwai lamba a ajiye me ya sa ban taɓa ganin fitilar cek injin a mitar motar ta asali ba, ba yau ba, tun zamanin mahaifina ma. Dama na taho da tsohuwar mitata a but don ina son a mayar min da ita, da dattijon ya buɗe fuskarta sai ga ɗan baƙin tef an liƙa daidai kan fitilar ta ciki. Wanda ya sayar da motar tun farko ne ya rufe ta don kar mai saye ya gani. Raina ya ɓaci sosai, shekaru nawa mahaifina yana tuƙa mota da ido ɗaya a rufe bai sani ba, da fitilar man inji suka rufe fa? Wannan jar fitilar mai kamar buta in ta kama kana tafiya kashe inji ake yi nan take, ba a cewa bari in ƙarasa gida. Gwajin kuma ba ya cin ko sisi, ka murɗa ki zuwa ON kar ka tayar, dole duk fitilun gargaɗi su kama, cek injin da mai da batir da ABS da jakar iska, in ka tayar su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko ko ta ƙone ko an rufe mata baki. Duk mai zuwa sayen mota ya yi wannan kafin ya tsaya duba fenti. Bayan sati da cire tef ɗin fitilar cek injin tawa ta kama, lambar P0420, muka leƙa ƙasa ashe indomin salansa, wato abin tace hayaƙi, an daɗe da kwashe shi.

Tunda mitar na buɗe ya duba bayanta da gilashin ƙara girma ya nuna min ƙafafun soket biyu da dalmarsu ta tsage kamar zobe, ya ce ba su suka jawo wannan ba amma suna hanya, zafi da sanyi da girgizar hanya ke kawo shi, kuma alamarsa ita ce mitar da sai an buge ta take dawowa. Ya ɗiga musu sabuwar dalma ya mayar min da ita a motar. Mai gyaran rediyo ko waya ma zai iya wannan aikin, ba sai an jefar da mita ba.

A akwatin fiyus kuma mun tarar da guda biyu da aka naɗe da siririyar waya, ɗaya kuma an sa mai lamba 30 a gurbin 10. Wannan kam har ga Allah yana ci min rai don haka motoci ke kamawa da wuta a hanya a ce tsautsayi. Fiyus an yi shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone, in yana yawan ƙonewa akwai inda waya ta goge tana taɓa bodi, ko ɓera ya ci, mu nan Jos da sanyin Disamba ɓeraye cikin inji suke kwana. Kalarsu ma ta isa ta nuna maka, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, kuma a jikin murfin an zana na kowane gurbi. Ya kuma ce in daina bari masu wankin mota suna harba ruwan inji mai ƙarfi cikin bonet, tsumma ya isa.

Da na tambayi kuɗin aiki abin da ya faɗa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin mitar da na saya ba, na ƙara masa ya ce Allah Ya yi albarka Ya jiƙan mai motar. Mitar Dilimi tana nan a gida lafiyarta ƙalau, in akwai mai Big Daddy da tasa ta mutu da gaske bayan an auna, ya yi min magana.

Sau biyu na sake bin Hawan Kibo tun lokacin, ɗaya da dare cikin ruwan ƙarshen Satumba da fitila da waifa da esi duk a kunne, allurar zafi na zaune ɗan ƙasa da rabi ba ta motsa ba har Mararrabar Jama'a. Saura allurar mai da ke maƙalewa in tanki ya sauko kwata, Baba ya ce wannan kam fulotin cikin tanki, mai auna yawan mai, shi ne ya goge, in zo masa ran Asabar da safe kuma kar in sha mai kafin nan.