Saƙon Godiya Bayan Faɗuwata a Hanyar Keke ta Vennbahn

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya dawo da ni cikin iyalina da raina da hankalina. An sallame ni daga asibiti, jiki kuma da sauƙi sosai. Hannun dama har yanzu a rataye yake, don haka ɗiyata ce ke buga wannan saƙo ina faɗa mata. Kiran waya da saƙonnin jaje sun fi ƙarfin in amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga gara in yi godiya a fili, kowa ya gani.

Da farko ina so in kwantar wa 'yan uwa na gida hankali, domin labarin ya isa Kano da Damagaram a wata siffa dabam. Ba mota ce ta kaɗe ni ba. Inda na faɗi ma mota ba ta bi. Sunan hanyar Vennbahn, tsohon layin dogo ne da aka cire ƙarafansa aka shimfiɗa kwalta domin masu keke da masu tafiya a ƙasa. Ta tashi daga birnin Aachen na Jamus, ta ratsa gabashin Beljiyam, ta ƙare a Troisvierges da ke arewacin Luxembourg, tsawonta kilomita 125. A shekarun 1880 aka gina layin, jiragen ƙasa suna kai kwal masana'antun ƙarfe na Luxembourg, su dawo da tama. Da yake jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri, sai aka bi da layin ta gefen tsaunukan Eifel a hankali, hawan bai cika wuce mita 2 a cikin kowace mita 100 ba. Wannan ne ya sa mutum mai shekaruna, wanda likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, yake iya hawa har kan tudun ba tare da numfashi ya sarƙe ba.

Ranar Asabar ce. Mun yi sallar asuba, muka haɗu da abokan hawa a unguwar Rothe Erde ta Aachen inda hanyar ta fara, muka bi ta Kornelimünster, muka haye manyan gadojin dutse na zamanin jirgi, muka wuce Raeren da Roetgen da Lammersdorf. An kwana ana yayyafi, ga shi lokacin zubar ganye ne. Bayan mun bar tashar Monschau mun nufi Kalterherberg, inda hanyar ke bin kwarin kogin Rur a cikin daji, sai muka shiga wata 'yar kwana da jiƙaƙƙun ganye suka rufe kwaltar. Tayar keken tsere siririya ce, faɗinta bai kai yatsu biyu ba. Ƙafar gaba ta zame, ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ya karye, haƙarƙari ya tsage, hular kwanon da ke kaina ta dare daga gefen kunne har tsakiya. Na roƙi a ajiye mini ita. Duk wanda ya zo gaishe ni ina nuna masa, domin da ba ta kaina, kan ne zai dare haka. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma Allah Ya sa mun riƙi sababi.

Godiyata ta farko ga abokan hawana. Malam babba a cikinmu, wanda ke bayana, shi ya fara isowa. Bai ɗaga ni ba, bai bari kowa ya ɗaga ni ba, ya durƙusa ya tallafe kaina da hannu biyu yana cewa, "Ɗan uwa, kar ka motsa, yi ta salati, muna nan." Ƙaramin cikinmu, ɗalibi ne da bai daɗe da zuwa ƙasar ba, ya tuɓe rigar ruwansa ya lulluɓe ni, shi ya tsaya cikin sanyi da 'yar shimi yana karkarwa. Ɗana, na ga abin da ka yi ko da yake ban iya magana ba a lokacin. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka nasara a karatunka, Ya saka wa iyayen da suka yi maka tarbiyya.

Sai wasu bayin Allah da ban san sunayensu ba, wata dattijuwa da mijinta, Jamusawa, da suka taho daga ɗaya ɓangaren a kan kekunansu. Hanyar da babu mota tana da daɗi, amma idan abu ya faru a tsakiyar daji, ba ka da kowa sai wanda Allah Ya jeho. Mu baƙi ne, ba mu san sunan wurin da muke ba. Dattijon ne ya karɓi wayar bayan an kira lambar agajin gaggawa ta 112, ya kwatanta musu wurin dalla-dalla, sannan ya hau kekensa ya tafi mahaɗar da titin mota ya gitta hanyar, ya tsaya can don ya nuna wa motar asibiti ta inda za ta shigo. Matar kuwa ta ciro wani siririn bargo mai ƙyalli daga jakarta ta ƙara mini, ta cire safar hannunta ta riƙe hannuna na hagu. Tana ta tambayata sunan 'ya'yana da shekarunsu, ina amsawa, ta sake tambaya. Sai daga baya na gane so take kada in suma. Har aka ɗauke ni ba ta saki hannun ba. Da aka rufe ƙofar motar suka hau kekunansu suka tafi, ba wanda ya tuna ya karɓi lambarsu. Ba su jin Hausa, da wuya wannan rubutu ya kai gare su, amma ina so al'ummarmu ta san an yi mana wannan alheri. Allah Ya saka musu da mafificinsa.

Wani abu da na sani tun da, amma sai a ranar ya zame mini abin tunani: ƙasar da na kwanta a kai ta Beljiyam ce, alhali dajin da ke dama da hagu na Jamus ne. Bayan yaƙin duniya na farko, a ƙarƙashin yarjejeniyar Versailles ta 1919, an ba Beljiyam layin dogon da tashoshinsa, har wasu yankunan Jamus irin su Mützenich suka zama a yanke daga sauran ƙasar. Ba wanda ya tsaya tambayar ƙasar wa ce, ko ni ɗan ina ne. Lambar 112 ɗaya ce a ƙasashen uku, aka kira, aka zo. Ina gode wa ma'aikatan agajin da suka lallaɓo da mota ta wannan siririyar hanya, da likitocin da suka yi mini tiyata suka sa ƙarfe a ƙashin, da ma'aikatan jinya, musamman ta dare wadda da ta ga ina neman alƙibla ta juya mini gadon da kanta. Haka mai gashin ƙashin da ke koya mini ɗaga hannu a hankali.

Jama'armu ta Hausawa da ke Aachen da Kolon da kewaye, kun nuna mini zumunci a ƙafa yake. Alhaji shugabanmu ya bar kasuwancinsa ya kai uwargida asibiti tun kafin in fito daga ɗakin tiyata. Hajiyoyi suka raba kwanaki a tsakaninsu, yau tuwo miyar kuka, gobe farfesu, yara ba su kwana da yunwa ba. Wani ƙanenmu ya ɗauki nauyin kai su makaranta. Wani ya koma har Monschau ya ɗauko keken, ya kai wa mai gyara, aka miƙe kan, aka sauya birki da ƙafar gaba, ya ƙi faɗa mini nawa ya biya. Liman da jama'ar masallaci sun sa ni a addu'a ranar Juma'a. Ban da abin da zan biya ku da shi.

Uwargida, ke kam sai dai Allah Ya biya ki. Ke kika sha zaman kujerar asibiti, ke kike ɗaura mini maɓallin riga, ke kike zuba mini ruwan alwala, ba ki taɓa nuna gajiya ba. Allah Ya sa Aljanna ce makomarki.

Ina kuma gode wa waɗanda ban taɓa gani ba, ma'aikatan ƙananan hukumomi na ƙasashen uku da ke kula da wannan hanya, masu share ta, masu sare reshen da ya faɗo, masu gyara alamomi. Na yi ta tunani a kan gado: da a babban titi na zame haka, da mota a bayana, da wani labarin ake yi yanzu. Wanda ya yanke shawarar kada a bar tsohon layin ya zama kango, a mayar da shi hanyar jama'a, yana da rabo a cikin wannan godiya.

Yaya, na ji saƙonki na murya, na ji kukan da kika yi, na kuma ji kin ce in rabu da keken nan haka, girma ya zo. Na san ƙauna ce ta sa. Ki yi haƙuri, ki yafe mini, amma keken nan shi ya saukar mini da hawan jini, shi ya dawo mini da barci. Likita ya ce idan ƙashi ya haɗe zan iya komawa a hankali. Na yi miki alkawarin ba zan hau ba sai ya ba da izini, ba zan fita ni kaɗai ba, kuma ba zan taɓa hawa babu hular kwano ba. Ki gaishe da Inna, ki ce mata ina cin abinci sosai, zan kira ta da kaina bayan sallar isha'i.

Wanda ya kira ban ɗauka ba, ko ya rubuto ban amsa ba, don Allah ya yi mini afuwa, rashin hannu ne. Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, sai dai an fi samuna a farke bayan la'asar saboda maganin da nake sha. Allah Ya bar zumunci, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya kiyaye mu a hanyoyinmu. Amin.

Wassalamu alaikum.