Kwana uku da na cike da ka a littafin awon ruwa

A 2012 na fara fita daji aikin bincike, lokacin na gama karatun ilimin ƙasa da duwatsu a Gaundare na dawo gida Marwa a arewacin Kamaru ina zaune ba aikin fari bare na baƙi, sai wani malaminmu ya kira ni a waya yace suna neman yaro mai jin Hausa da Fulatanci da ɗan Larabcin Shuwa, wanda zai iya zaman ƙauye wata da watanni ba tare da ya ishe su da maganar komawa birni ba. Nace Malam ai ko yau ne a shirye nake. Aikin kashi uku ne, da rani a taya masu ƙirga namun daji a gandun dajin Waza, duk wata a zagaya a auna zurfin ruwan rijiyoyi, in damina ta nutsa kuma a zauna bakin rafi ana karanta ma'aunin ruwa safe da yamma. Da farko gani nake ayyuka uku ne da ba su haɗa hanya ba, an dai tattara mini ne don kar a biya mutum uku, sai da shekara ta kusa zagayowa na gane ruwa ɗaya muke bi, wani lokaci yana saman ƙasa, wani lokaci yana ƙarƙashi, wani lokaci kuma yana cikin cikin dabba.

Ƙirgan muka fara da shi, ƙarshen rani, lokacin da zafi ke sa mutum ya ji kamar iska ma daga murhu take fitowa. Gandun Waza ya kai murabba'in kilomita 1,700, tun 1934 aka keɓe shi, a 1968 ya zama gandun ƙasa, to ba yadda za ai ka bi shi da ƙafa kace ka ƙirga abin da ke ciki. Dabarar ita ce a bari sai ruwa ya ƙafe ko'ina ya rage 'yan tafkuna, dole duk mai rai ya zo nan ya sha, sai a ajiye mutum biyu biyu a kowane tafki rana ɗaya lokaci ɗaya, don kar garken da ya sha nan da safe ya je can da yamma a ƙirga shi sau biyu ba a sani ba. Ni aka haɗa ni da wani mai gadin daji da ya yi makarantar koyon kula da namun daji ta Garwa, dattijo ne, Kawu nake ce mai. Muka yi ɗan rumfa a ƙarƙashin aduwa ta inda iska ba za ta kai warinmu bakin ruwa ba, ba magana ba taba ba motsi, tabarau mai hangen nesa a wuya, littafi a cinya.

Ranar farko na ga abin da har yau in na rufe ido ina ganinsa, raƙuman dawa sun fito daga cikin itatuwan dushe a hankali kamar ba sa taka ƙasa, sun fi minti talatin suna tsaye suna dube-dube kafin ɗaya ya ware ƙafafun gaba ya sunkuya. Gwanki sun zo, dari sun zo, mariya, mugun dawa da jelarsa a sama, zabin daji kuwa sai dai ka ƙiyasta. Kawu ya koya mini kar in ƙirga ɗaya ɗaya in garke ya yi yawa, in kama goma da ido in ga girman wurin da suka ci sannan in riƙa ɗora wannan goman a kan sauran, in kuma raba maza da mata da 'ya'ya, don garken da ba ƙanana a ciki labari ne babba ko da yawansa ya burge ka. Amma rana ta biyu daga sha ɗaya har zuwa uku ko tsuntsu bai sauka ba, na rufe littafi na jingina, sai ya taɓa ni yai raɗa yace ɗana rubuta. Nace Kawu me zan rubuta ba abin da ya zo. Yace to rubuta ba abin da ya zo, sa awa, sa sifiri, in ka bar wurin fari wanda zai karanta a ofis bai san ko dabba ce ba ta zo ba ko kai ne kai barci. Na rubuta, amma wallahi a ranar ban ɗauki maganar da nauyin da take da shi ba.

Da dare in mun koma sansani tsofaffin masu gadi suke ba da labarin yadda mariya take cika fadamar gabashin gandun kafin 1979, shekarar da aka gina madatsar Maga da dogon shingen da ya bi gaɓar kogin Logon saboda noman shinkafa. Shinkafa ta samu, mutane da yawa sun ci abinci da ita kuma ba zan raina wannan ba, amma ruwan da ke malala cikin yayre, wato wannan babbar fadamar, ya ragu ƙwarai, ga kuma fari na shekarun 1970 da 1980 ya haɗu a kai. Ciyawa mai saiwa mai zurfi irin su burgu, wadda ke tohowa ko da rani, ta mutu a wurare da yawa, ciyawar da ke bushewa da ɗaukewar ruwa ta maye gurbinta, kifi ya ragu, makiyaya suka canza hanya, giwaye suka ƙara fita waje suna shiga gonakin mutane. Sai a 1994 aka buɗe wata mashigar ruwa da aka toshe don a sake jiƙa wani ɓangare na fadamar, aka ƙara wata a 1997, ciyawar ta fara dawowa sannu a hankali. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba da baki kawai aka shawo kan hukuma ta yarda a buɗe ba, da lambobi ne, lambobin da wasu mutane da ba wanda ya san sunansu suka zauna suka rubuta shekara da shekaru.

Rijiyoyi kuma duniya ce daban. Muna da igiya mai alamar santimita da wani ɗan ƙarfe a baki, da ya taɓa ruwa sai ya yi ƙara, sai ka karanta lambar daidai bakin rijiya, kuma dole wuri ɗaya za ka riƙa tsayawa kowane wata, don haka muke shafa jan fenti a gefen. Da asuba ake zuwa kafin mata su fara ja, in an ja guga hamsin ruwan ya sauka abin da ka auna ba na ƙasa ba ne na guga ne. Kafin ka zura komai a rijiyar mutane sai ka gaida lawan ko bulama ka yi bayani, ka wanke igiyar a gabansu, akwai garin da sai da na sha ruwan a gaban jama'a kafin hankalinsu ya kwanta, kuma ban ga laifinsu ba, rijiya ɗaya ce gare su. Abin da littafina ya riƙa nunawa shi ne kusa da kogi ruwa na sama sama, kana nisa da shi kana shiga fadama yana ƙara zurfi, alhali ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma kuma da kaka duk ruwa ne kwance a kanta. Na kasa gane wannan sai da wani tsoho mai haƙa rijiya ya zaunar da ni. Yace yaro wannan baƙar lakar da ake dasa masakwa a kai, wadda Fulani ke ce wa karal, da rani tana tsagewa har ƙafarka ta shige, amma ruwan farko na zuba sai ta kumbura ta rufe bakinta ruf, abin da ya biyo baya a sama yake zama har rana ta shanye shi, ruwan da ke shiga ƙasa ta wajen yashi yake shiga, ta gindin kogi da tsofaffin hanyoyin ruwa. Ya lissafa mini da gaba, gaba kaza baƙar laka, gaba kaza jan yumɓu, sai farin yashi mai laushi, sai mai tsakuwa inda ruwa yake. Abin da aka koya mana a aji da Faransanci da zane a allo shi ne wannan, shi kuma da hannunsa ya taɓa kowane ɗaya. Tun daga ranar duk garin da na shiga sai na tambayi waye ya haƙa rijiyar nan, yana raye, a kai ni in gaishe shi.

Shi ne ma ya sa na kalli tudun yashin nan da ya miƙe daga Limani har Yagwa da wani ido daban, na sha wucewa ta kansa a mota ban taɓa tambaya ba. Tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi ce, lokacin da tafkin yake kamar teku shekaru wajen dubu shida zuwa bakwai da suka wuce, yana da faɗin da ya kai murabba'in kilomita 350,000. Wato duk wannan fadamar da nake yawo a kai da babur gindin ruwa ne a da, lakar ma abin da ya kwanta ne a ƙasan tafkin. A shekarun 1960 tafkin yana wajen murabba'in kilomita 25,000, fari ya zo ya rage shi ƙwarai, kuma kusan duk ruwan da ke shiga cikinsa kogin Shari da na Logon ne ke kawowa bayan sun haɗu a Kusiri da Injamena. Har hazon da ke rufe mana Marwa da hunturu, mai yawansa ƙurar busasshen gindin tsohon tafkin ce daga kwarin Bodele a arewacin Chadi.

To sai damina. Aka ajiye ni wani ƙauyen 'yan ƙabilar Musgun a gefen rafin Logomatiya wajen Zina, ma'aunin faranti ne na ƙarfe da aka kafa a gaɓa hawa hawa, kowanne mita ɗaya, an zana santimita, aikina in karanta bakwai na safe da shida na yamma in rubuta da fensir, ba biro ba, don biro in ya jiƙe ya tafi. Wanda bai san wurin ba zai yi mamaki, ruwan da ke cika fadamar ba wanda ya zuba a kanmu ba ne kaɗai, na tsaunukan Adamawa ne da kudancin Chadi, yana ɗaukan makonni a hanya, shi ya sa sai sama ta fara ɗaukewa a Satumba da Oktoba sannan kogi ke kai ƙarshen cikarsa. Kuma 2012 kowa a arewacin Kamaru ya san irin ruwan da akai, mutanen Maga da Pus da Yagwa ba za su manta ba, gidaje sun rushe, ana ta tsoron madatsa kar ta ɓalle.

A tsakiyar wannan ne aka aiko mini Inna ba lafiya an kwantar da ita. Na shiga kwalekwale na fita na samu babur na kai Marwa, niyyata kwana ɗaya, hanya ta yanke na yi uku. Ban bar wa kowa littafin ba, ga malamin makarantar ƙauyen nan da ya iya karatu da rubutu, da na nuna mai sau ɗaya ya isa, amma hankalina ba ya jikina. Da na dawo na ga layi shida fari, na duba lambar ranar da na tafi da ta ranar da na dawo, bambancin ba yawa, sai zuciya tace ai ruwa a hankali yake hawa, raba shi daidai ka cike. Na cike. Ban kwana da daɗi ba amma na cike.

Bayan wata guda Malam ya zo karɓan littattafai, ya zauna kan tabarma yana bin lambobin da yatsa, da ya kai shafin sai ya tsaya. Ya ɗauko littafin mai karanta ma'aunin da ke ƙasa da ni ya ajiye gefen nawa, a can cikin kwanakin nan uku ruwa ya yi tsalle sannan ya ɗan sauka, don gaɓa ta fashe a wani wuri sama da mu ruwa ya kwararo da ƙarfi kafin ya bazu cikin fadama, nawa kuwa yana hawa santimita biyu biyu kamar matakala. Bai ɗaga murya ba, yace ruwan da ya wuce can ta gabanka ya bi, ya akai bai taɓa ƙarfenka ba, kuma duk shafukan nan akwai laka da ɗigon ruwa banda layin nan shida. Na faɗa mai gaskiya duka. Ya fara tambayar jikin Inna, nace da sauƙi, yace alhamdu lillahi, da ni ne ma zan tafi, tafiyar ba laifi ba ce. Sannan yace abin da ka sa a nan in ya shiga kwamfuta ba mai iya bambanta shi da na gaskiya, wata rana injiniya zai ɗauka ya lissafa tsayin shingen da za a yi wa wani gari da shi, kuma kwanakin da ka shafe su ne kwanakin da aka fi buƙata a duk shekarar, ruwan wannan ranar ya wuce ba kuɗin da zai dawo da shi a sake aunawa. Na ɗauko magogi zan goge yace a'a, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta ba a auna ba, ka sa kwanan wata da hannunka. Lokacin ne maganar Kawu ta bakin tafki ta dawo mini, shi ya hana ni barin fari inda na ga sifiri, ni kuma na zo na sa lamba inda ban ga komai ba.

Washegari na kai malamin makarantar bakin ma'aunin na nuna mai yadda ake tsugunawa ido ya yi daidai da fuskar ruwa, in akwai igiyar ruwa a ɗauki tsakiya tsakanin hawa da sauka, muka riƙa karantawa tare har ruwa ya janye masunta suka fara tare kifi a bakin magudanan da suka haƙa. Daga 2013 matsalar tsaro ta sa fita wajen Waza ta yi wuya, ayyuka da yawa suka tsaya, nima na koma aikin haƙa rijiyar burtsatse da muke ce wa foraj a nan, wajen Mokolo da gindin duwatsun Mandara inda ruwa ke ɓuya cikin tsagar dutse ba cikin yashi ba. Duk ramin da muka haƙa ina ɗiban abin da ya fito kowane mita in jera a ƙasa in rubuta, har wanda bai ba da ruwa ba, shi ma da shafinsa da inda yake, ko da mai kwangila yace ɓata lokaci ne. Rijiyar gidanmu kuma a Marwa na shafa mata jan fenti a baki, ranar ɗaya ga kowane wata kafin a fara ja nake zura igiya, watannin da ba na gari ƙanwata ke yi, akwai wata biyu a 2020 da ni da ita duk ba mu samu yi ba, suna nan a littafin da layi a kai.