Tarihin Rayuwata, kashi na 23: Saura mutum ɗaya a fitar

A makon jiya mun tsaya a inda na gama auna kajin gwajina, malamin da ke duba aikina ya ce in je in huta kafin a kawo sabbin 'yan tsaki. Wannan hutun ne ya jefa ni cikin wasan besbol na 'yan jami'a, abin da a da ko a talabijin na gani sai in sauya tasha.

Farkon watan Yuni ne na 2018, muna tsakiyar azumi. Ɗalibai sun watse, garin Fayetteville na jihar Arkansas a Amurka ya yi tsit, ban da filin wasa na Baum. Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin gidan waya, da nake ce wa Baba. Shi ya same ni a baranda ina ƙirga awoyin da suka rage a sha ruwa, ya ce, “Yaro, zaman nan zai kashe ka. Tashi mu je fili.”

A hanya ya zayyana mini tsarin. Cikin jami'o'i kusan 300 da ke babban rukuni, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i tana zaɓar 64, ta raba su gida 16, kowane gida ƙungiya huɗu. Ba a korar ƙungiya sai ta sha kashi sau biyu. Zakarun gidajen sai a haɗa su bibbiyu, wadda ta ci wasa biyu cikin uku ta wuce. Takwas ɗin da suka tsira su ne ke tafiya Omaha a jihar Nebraska, inda ake yin gasar ƙarshe tun 1950. Shi ya sa a can ba ka jin ana cewa za a je wasan ƙarshe, sai dai ka ji “Omaha za mu.”

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasan ba shi da agogo. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai gora ya buga ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu, in ya dawo gida lafiya an ci maki ɗaya. Masu tsaro kuma aikinsu su fitar da mutum uku, sannan a yi musanya. Haka har zagaye tara. Babu kwanciya a ƙasa a ce an ji ciwo, babu kai ƙwallo kusurwa a ci lokaci. Ko maki goma ka ba su rata, sai ka fitar da mutum na ƙarshe da hannunka.

Matsala ɗaya na samu. Tambarin jami'armu ta Arkansas aladen daji ne, ja, da haure a waje. Baba ya miƙo mini hula mai hoton, na ce, “Baba, ka yi haƙuri, wannan kam ba za ta hau kaina ba.” Ya yi dariya har da tari, washegari ya kawo mini jar riga marar zane. Kirarinsu ma kiran alade ne: dubban mutane su ɗaga hannu sama suna kaɗa yatsu suna jan murya, sau uku, sannan su rufe da ihu. Ni dai tafi nake yi.

Muna zama ne a kan ciyawar da ke bayan katangar hagu, inda ake barin mutum ya shigo da kujerarsa da akwatin ƙanƙararsa. Rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, ga zafi mai ɗanko. Baba ya lura ba na taɓa komai, tun daga nan ya riƙa ajiye mini kankana a ƙasan ƙanƙara, yana duba agogonsa fiye da ni. Gorar ɗalibai ta ƙarfe ce, ba ta katako irin ta ƙwararru ba, don haka in bugu ya zauna sai ka ji ƙara kamar an daki faranti. Da wannan ƙarar na sha ruwa a waɗannan ranaku.

Yaranmu suka share gidansu, suka fitar da South Carolina a wasa na uku. Aka yi Sallah ranar Juma'a 15 ga Yuni, washegari aka buɗe Omaha. Texas, Texas Tech, Florida, duk yaranmu suka bi ta kansu ba tare da faɗuwa ko sau ɗaya ba. Abokan karawarsu na ƙarshe, Oregon State, su kuwa tun wasan farko North Carolina ta doke su, suka riƙa tafiya a bakin rami har suka iso. Arkansas ba ta taɓa ɗaukar wannan kofi ba. Baba yana saurayi a 1979 lokacin da suka zo na biyu, kuma yana ba da labarin kamar jiya aka yi.

Ruwan sama ya ɗage wasan farko zuwa Talata 26 ga Yuni. Duk ɗan Najeriya ya san wannan rana. Da azahar ɗinmu ta can na zauna ni kaɗai ina kallon mu da Ajantina a Rasha. Messi ya ci, Victor Moses ya rama da fenariti, kunnen doki ya ishe mu mu wuce. A minti na 86 Rojo ya zura ta biyu. Na kashe talabijin na kwanta a ƙasa. Da yamma Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce ya ga sakamakon, ya ja ni falonsa. Arkansas ta ci 4 da 1. Ya dafa kafaɗata ya ce gobe zan warke.

Laraba falon ya cika: 'ya'yansa, jikoki, maƙwabta, kowa da ja. Aka shiga zagaye na tara muna da 3 suna da 2. An fitar da mutum biyu, nasu ɗaya yana tsaye a tasha ta uku yana jiran hanya. Saura mutum ɗaya. Matar Baba ta riga ta fito da kek daga kicin ta ajiye a tebur.

Mai bugunsu, Cadyn Grenier, ya daki ƙwallo ta tashi sama can, ta karkata wajen layin dama. Irin wannan ko a wajen layi aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mutum ya fita, wasa ya ƙare, kofi ya zo. Falon ya miƙe tsaye. 'Yan wasanmu uku suka nufo ta, ɗaya daga tasha ta farko, ɗaya daga ta biyu, ɗaya daga can baya, kowa fuskarsa a sama, safar hannu a buɗe. Na tsakiyar ya zarce ta da taku kaɗan, sauran biyun suka ja birki don kada su yi karo. Ta faɗo tsakaninsu a kan ciyawa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ba a ci maki da wannan ba, doka ta ce a sake jifa kawai. Amma Baba ya zauna a hankali ya cire hularsa, ya ce, “Shi ke nan.” Na ce, “Haba Baba, ai har yanzu mu ke gaba.” Bai ko dube ni ba. Grenier ya sake bugawa ta ratsa tsakanin masu tsaro, aka yi 3 da 3. Na bayansa, Trevor Larnach, ya aika ta bayan katangar dama. 5 da 3.

Har yau in aka zagi yaran nan uku raina yana ɓaci. Ɗalibai ne, wasu ba su fi shekara ashirin da biyu ba, suna gudu suna kallon sama cikin ihun mutum sama da dubu ashirin, kowa yana tsoron ya ture ɗan'uwansa.

Wasan Alhamis ba shi da labari. Wani ɗan shekarar farko na Oregon State, Kevin Abel, ya yi jifa tun daga farko har ƙarshe, bugu biyu kacal ya bari suka wuce. 5 da nema. Oregon State ta ɗauki kofinta na uku, bayan na 2006 da 2007.

Daren nan Yaya ya kira daga Zariya, ya ji muryata ya ce, “Kai, har yanzu Ajantina ce?” Na ce, “A'a Yaya, wata ce daban.” Da na fara yi masa bayanin gora da tashoshi da aladen daji sai ya katse ni: “To, Allah ya shirye ka. Ka saurara, Hajiya ta ce in gaya maka an tsayar da ranar kai kayan lefe, kuma kuɗin da ka turo bai kai ba.”

Yadda na haɗa cikon, da aikin dare da na shiga saboda shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.