Asabar a Regensburg, garin da ƙasa biyar suka zauna cikin ganuwa ɗaya

Yau dai Yaya ya samu hutu a wurin aiki, bayan mun karya yace in saka rigar sanyi mai kauri mu kama jirgin ƙasa zuwa Regensburg. Daga Munich kaman awa ɗaya da rabi ne. A cikin jirgin ya miƙo min wayarsa yace duba nan, taswirar Jamus ce ta shekarar 1789, na ja hoton na buɗe na ƙara buɗewa har yatsuna suka gaji, launi kan launi, wasu ƙasashen ko wurin rubuta sunansu babu sai dai a sa musu lamba, wata kuma zaka ga yanki ɗaya a nan, ɗayan can nesa a tsakiyar ƙasar wani. Nace Yaya wannan duk jihohi ne? Yace ina, ƙasashe ne, kowacce da mai mulkinta, da yawansu da kuɗinsu da sojansu da kwastan ɗinsu. Kusan 300 ne, banda ƙananan filayen barade da suka haura dubu waɗanda su ma ba su da ubangida sai sarkin sarakuna. Sunan abun gaba ɗaya Daular Rum Mai Tsarki, tun daga Otto na ɗaya da Fafaroma ya naɗa a shekarar 962 har zuwa 1806.

Muna sauka muka taka da ƙafa zuwa tsohon gari, ba nisa. Farko gadar dutse muka je, wadda ke kan kogin Danube, an gina ta tsakanin 1135 da 1146 kuma har yau mutane na bi, iska kuwa a kanta sai wanda ya ji. Akwai wani tsohon ɗakin gasa nama a gindin gadar, layi har waje, ƙamshi ya cika wurin, Yaya ya ja hannuna yace na alade ne malama wuce mu tafi. Unguwar da ke tsallaken gadar sunanta Stadtamhof, ƴan gidaje masu fenti kala kala, to wai a da can idan ka tsallaka ka bar ƙasa kenan, ka shiga Bavariya, sai 1924 aka haɗe ta da garin. Wannan ma bai ɗaure min kai ba kaman na cikin ganuwar. A cikin garin kansa masu iko biyar ne waɗanda ba wanda ke ƙarƙashin wani: majalisar gari, da bishop, da gidan ƴan zuhudu na St. Emmeram, da gidajen sistoci biyu, Obermünster da Niedermünster. Wato mace shugabar sistoci tana da ƴar ƙasarta, magajin gari bai isa ya aika dogari cikin harabarta ba. Garin ya koma Furotesta a 1542, sauran huɗun suka tsaya a Katolika, ana cin kasuwa ɗaya ana shan ruwa ɗaya, da ƙafa zaka zaga su duka kafin la'asar.

Daga nan sai tsohon gidan majalisar gari, inda ainihin abun da ya kawo mu yake. A jikin bango kusa da ƙofa akwai wasu sandunan ƙarfe guda uku a kafe, gajere da matsakaici da dogo, sune ma'aunin garin, da su ake gwada kamun yadi da tsawon katako. Na sa hannu na gwada na tsakiyan da damtsena. Kowane gari da nasa kamun, na Regensburg daban na Nuremberg daban, ɗan kasuwa in ya ɗauko yadi sai ya yi lissafi sabo a duk inda ya sauke, ga kuɗi ma sai an canza.

Ba a shiga ɗakin taron sai da mai jagora, wata dattijuwa ce ta zaga da mu. Ɗakin bai kai girman da na zata ba sam, asalinsa ma ɗakin rawa da biki aka gina wajen 1360, silin na katako, benci benci a jere. A nan majalisar daular ta zauna daga 1663 ba ta sake tashi ba har 1806, shekara 143 ana zama ɗaya, sarakunan ma sun daina zuwa da kansu sai wakilai. Abun da ya fi ba ni dariya shine matakala. Kujerar sarkin sarakuna taki huɗu take sama, masu zaɓen sarki taki biyu, sauran sarakuna taki ɗaya, wakilan birane kuma can baya a ƙasa. Kowa ya san bencinsa, kuma an sha ɓata watanni ana rigima kan wa zai zauna gaban wa, wa zai fara magana.

Masu zaɓen sarki asali bakwai ne, haka dokar da Charles na huɗu ya kafa a 1356 ta tsara: manyan bishop uku na Mainz da Trier da Cologne, sai sarkin Bohemiya, da mai Palatinate, da mai Saxony, da mai Brandenburg, a Frankfurt suke yin zaɓen. Daga baya an ƙara Bavariya da Hanover. A zauren sarakuna kuwa, wajen ƙarshen daular ƙuri'a 100 ce, manya kowa da tasa, amma ƙananan masu sarauta da suka kusa ɗari sai aka tara su aka ba su ƙuri'a huɗu su raba, shugabannin gidajen ibada kuma biyu. Baraden nan masu ƙauye ɗaya ko biyu ko kujera ba su da ita.

Na tambayi matar ya aka yi ƙasa ta farfashe haka, tace dalilan da yawa, sarkin sarakuna zaɓensa ake yi dan haka duk mai neman kujerar sai ya saki wani abu ga masu zaɓe, yau haƙƙin buga kuɗi gobe na karɓar fito, ga coci da ta mallaki filaye masu yawa, ga birane masu arziki da suka sayi ƴancinsu, amma wanda ya fi yanka ƙasar ƙanana shine gado. Anan kam na gane ba sai an ƙara min bayani ba, duk wanda ya ga yadda gonar kaka ke komawa kunya kunya bayan an raba wa ƴaƴa an raba wa jikoki ya san zancen. Mai Gotha, Ernst, ya rasu a 1675 ya bar ƴaƴa maza bakwai, zuwa 1680 ƙasarsa ta zama ƙasa bakwai, kowane ɗa da fadarsa da fadawansa da makaɗansa, talakawan da ke ciyar da fada ɗaya yanzu bakwai suke ciyarwa. Akwai kuma gidan Reuss da duk ɗa namiji sunansa Heinrich, sai dai a bi su da lamba, har an yi mai mulki Heinrich na 72, wanda ya sauka a 1848. Yaya yace ko ya uwar gidan take kiran yara cin abinci oho.

Maganar addini ita ce mai nauyi. A sulhun Augsburg na 1555 aka ce addinin mai ƙasa shine addinin ƙasa, in ba ka yarda ba ka tattara ka koma gaba. Hakan bai hana yaƙin shekara talatin ba, 1618 zuwa 1648, wanda ya cinye mutane ba adadi, wasu yankunan rabin jama'arsu suka tafi. Bayan sulhun Westphalia da ya kawo ƙarshen yaƙin sai suka fito da wasu dabaru da in ka ji zaka ce wasa ne amma sun yi aiki. A Osnabrück karɓa karɓa aka yi, in bishop ɗan Katolika ya mutu sai ɗan Furotesta daga gidan Brunswick ya hau, in ya mutu a koma. Haka aka yi a 1764 aka naɗa jariri ɗan wata shida, ɗan sarkin Ingila George na uku wanda shi ma ɗan gidan ne, a matsayin bishop mai mulkin ƙasa. A birnin Augsburg kuma muƙaman gari biyu biyu aka yi su, ɗaya na wannan ɗariƙa ɗaya na waccan. Duk da haka a 1731 babban bishop na Salzburg ya kori ƴan Furotesta kusan 20,000 daga ƙasarsa, akasarinsu Furusiya ce ta karɓe su.

Ƙasan ginin akwai ɗakin da ake tuhumar masu laifi da azaba, kayan suna nan yadda suke, igiya da katako da wani shinge da alƙalai ke ɓuya a baya. Ban daɗe ba na fito, wurin ya dame ni.

Mun samu shagon Turkawa muka ci shawarma da shayi, anan ne musu ya tashi. Yaya shi a ganinsa duk abun shirme ne, tarin ƙananan sarakuna masu girman kai suna tatsar talaka. Ya kawo zancen kogin Rhine inda jirgin kaya ba ya tafiya mai nisa sai an tare shi an karɓi fito, har gini suka yi a tsakiyar ruwa a Kaub, wajen 1326, dan kar kowa ya sulale. Ya kawo na mai Hesse-Kassel da ya ba Ingila hayar samarin ƙasarsa a 1776 su je yaƙin Amurka, Jamusawa kusan 30,000 aka kwasa daga irin waɗannan ƙananan ƙasashe, kuɗin ya shiga aljihun fada, da yawa ba su dawo ba. Gaskiya ne duk, ban musa ba.

Ni abun da ya tsaya min a rai daban ne. Ta yaya ƙauye mai ƴanci irin Gochsheim ko gidan sistoci mai ƴan gonaki ya zauna ɗaruruwan shekaru kusa da mai dakaru dubbai ba a haɗiye shi ba? Ai ba dan manyan na da tausayi bane. Akwai kotu. An kafa babbar kotun daular a 1495, ta zauna a Speyer, daga baya ta koma Wetzlar, akwai wata kuma a fadar Vienna, kuma ƙarami na iya kai babba ƙara, har manoma suna haɗa kuɗi su kai mai ƙasarsu. Shari'ar tana jan ƙafa, wata sai wanda ya shigar ya mutu jikoki su gada, marubuci Goethe ma ya yi aiki a Wetzlar a 1772 ya ga tulin takardun da idonsa. Amma wani lokacin tana cizo. Mai Vaduz, Ferdinand Karl na gidan Hohenems, ya mayar da farautar mayu sana'a, a kama mutum a kashe a kwashe dukiyarsa, talakawansa suka kai kuka gaban sarkin sarakuna, aka turo bincike, a 1684 aka tuɓe shi, a tsare ya mutu. Nace wa Yaya a Turai ta wancan zamanin ina ne kuma talaka zai kai mai sarauta ƙara har a cire shi? Yace guda nawa aka cire, nace ko ɗaya ne ai sauran sun ji.

Kuma yawan fadojin nan ya yi wani amfanin da ba a shirya ba, kowane ɗan sarki yana so a ce fadarsa ta fi ta maƙwabci, sai ya ɗauki makaɗa ya gina ɗakin karatu ko jami'a. Makaɗin nan Bach a ƴar fadar Köthen ya yi aiki daga 1717 zuwa 1723. Weimar ƙaramin gari ne amma ya tara manyan marubuta Goethe da Schiller lokaci guda. In wani sarki ya kore ka saboda abun da ka rubuta, tafiyar yini ɗaya ta kai ka ƙasar wani. Sannan sun zama wurin neman aure na manyan gidajen sarautar Turai, Catherine ta Rasha ƴar gidan Anhalt-Zerbst ce, Albert mijin Sarauniya Victoria daga Saxe-Coburg ya fito.

Da yamma mun leƙa St. Emmeram ta waje, yanzu fadar gidan Thurn und Taxis ce, mutanen da suka riƙe harkar gidan waya na daular suka yi kuɗi da ita, daga 1748 zuwa 1806 su suka wakilci sarkin sarakuna a majalisar. Ba mu shiga ba, ƙafata ta riga ta gaji.

Ƙarshen abun da sauri ya zo. Faransa ta cinye duk yammacin Rhine, sai a 1803 wannan majalisar dai ta amince a biya manyan sarakunan da suka yi asara da filayen ƙanana, aka rushe kusan duk ƙasashen coci, birane masu ƴanci daga 51 suka koma 6, ƙasashe biyar ɗin Regensburg aka narkar da su wuri ɗaya, a 1810 Bavariya ta karɓe. Ranar 6 ga Agusta 1806 sarkin sarakuna Francis na biyu ya ajiye rawanin saboda matsin Napoleon. Yaya ya lissafa yace lokacin Shehu Usmanu yana da kaman shekara biyu da rabi da yin hijira zuwa Gudu. Bayan 1815 saura ƙasa 39, a 1871 Furusiya ta haɗa Jamus. Hamburg na cikin biranen da suka tsira, can aka haifi bature matafiyi Barth a 1821, Abdulkarim ɗin nan da ya shigo Kano a 1851, har yau kuma jiha ce mai kanta, ita da Bremen.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Vaduz ɗin can. Bashi ya ci gidan Hohenems suka sa ƙasar a kasuwa, wasu attajiran fadawan Vienna, gidan Liechtenstein, suna neman kujera a bencin sarakuna na ɗakin da muka shiga yau amma ba su da filin da ke ƙarƙashin sarkin sarakuna kai tsaye, sai suka sayi Schellenberg a 1699, suka sayi Vaduz a 1712, a 1719 aka haɗa aka sa mata sunansu. Kujerar kawai suke so, sun fi shekara ɗari ba wanda ya taka ƙafa ya je ganin abun da suka saya, sai 1938 mai sarautar ya tare can. Manyan da suka zauna taki biyu sama duk sarautarsu ta tafi, ita kuwa murabba'in kilomita 160 tana nan tsakanin Ostiriya da Suwizalan da yarimanta, tun 1990 ma tana da ƙuri'a ɗaya cikakkiya a Majalisar Ɗinkin Duniya, daidai da ta Jamus.