Yadda na yi fama da ciwon farcen ƙafata

Da wani ɗan ɗigo mai ruwan ɗorawa abin ya fara, a bakin farcen babban yatsana na dama. Na ɗauka matsin takalmi ne, na share. Kafin shekara ta zagayo farcen ya yi kauri, yana marmashewa idan na zo yankewa, har ya fara ɗagowa daga jikin naman. Ko a cikin gida sai na riƙa ɓoye ƙafar.

Tafarnuwa aka fara ba ni shawara. Na daka ɗanya, na ɗaure a yatsan, na kwana da ita. Da safe fatar gefen farcen ta ƙone, ta yi ƙuruje masu ruwa, shi kuwa farcen ko gezau. Don Allah kada kowa ya gwada wannan. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata idan ta daɗe a kai.

Daga nan na koma ruwan khal, kashi ɗaya a cikin kashi biyu na ruwa, ina jiƙa ƙafar minti 15 kullum. Da dare kuma in shafa Vicks. Na yi wata uku a haka. Farcen ya yi laushi, yankansa ya yi sauƙi, amma launin yana ta gangarowa zuwa tushe.

Likitan fata ne ya warware mini dalili. Ya kankari ɗan farcen aka kai ɗakin gwaji, domin a cewarsa bugewa da wasu cututtukan fata ma suna lalata farce haka. Sakamako ya nuna wata ƙwayar cuta ce da ake kira fungas, dangin wadda ke kawo makero. Ƙwayar tana zaune ne a ƙarƙashin farce, inda abin da ake shafawa a sama da ƙyar yake isa. Ya buɗa tsakanin yatsuna ya nuna mini cin ruwan da na daɗe ina rainawa, ya ce daga nan ta tsallaka.

Bayan gwajin hanta, ya ɗora ni a kan maganin sha mai suna terbinafine, guda ɗaya kullum har mako 12, da man shafawa na cin ruwan.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne jira. Na gama maganin amma farcen yana nan da muninsa, har na fara zargin aikin banza na yi. Ashe ɓangaren da ya lalace ba ya gyaruwa, sai dai sabo ya turo shi waje, kuma farcen ƙafa kan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya sabunta. Sai na riƙa ɗaukar hotonsa a waya duk farkon wata. A hoto na huɗu na ga siririn layi mai tsabta a tushe.

Dabarun gida da suka amfane ni da gaske masu sauƙi ne: goge tsakanin yatsu bayan wanka har su bushe, canza safa kullum, barin takalmi sau-ciki ya sha iska kwana guda kafin in sake sa shi, da ware wa wannan farcen abin yankansa daban. Mai ciwon suga kuwa kada ya tsaya gwaje-gwajen da na yi, ya tafi asibiti tun farko, don ƙaramin rauni a ƙafarsa kan zama babba.

A wata na 14 na yanke guntun ƙarshe mai launin.